Minti 20 a gaban shugabannin harkar fasaha: yaya ake shirya jawabin?

Sabuwar Darakta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka saba hawa mumbari. Taro ne na shugabannin harkar fasaha da al'adu: daraktocin gidajen wasan kwaikwayo, masu riƙe da gidajen adana kayan tarihi, masu shirya bukukuwan kiɗa da na adabi, da wakilan masu ba da tallafi. An ware wa kowane mai jawabi minti 20, sai minti 10 na tambayoyi. Saura mako shida. Daga ina ake farawa, rubutu ko silaid?

Mai Shirya Taruka:
Wa'alaikumus salam. Ba ko ɗaya ba, Malama. Da wasiƙa zuwa ga masu taron ake farawa, kuma yau ɗin nan. Ki tambaye su mutum nawa zauren ke ci, kuma su wane ne suka fi yawa a ciki. Ki tambayi wa zai yi magana kafin ke da wanda zai biyo bayanki, da abin da za su taɓo, don kada ki hau ki tarar an riga an faɗi rabin jawabinki. Ki tambaya ko za a ɗauki bidiyo a sa a intanet, ko akwai tafinta, da ranar ƙarshe ta miƙa silaid.

Tambayar da aka fi mantawa ita ce: minti 20 ɗin nan, da gabatarwar shugaban zama a ciki ko banda ita? Karanta tarihin mai jawabi, da takowa zuwa mumbari, da jiran silaid ya fito a allo, suna iya cinye minti biyu ko uku. Kuma zaman da ya fara a makare, mai magana na ƙarshe ake yanke wa lokaci. Saboda haka ki shirya jawabin minti 17, sannan ki sa alama a kan sashen da za ki iya cirewa ya koma minti 12 ba tare da maganar ta wargaje ba. Idan ba ki zaɓi abin da za ki yar tun a gida ba, a kan dandamali ƙarshen jawabin ne zai tafi, alhali nan ne abin da kika zo faɗa yake.

Baba Mai Dandali:
'Yata, bari in shiga kan abin da za ki faɗa, don nan ne yawanci ake faɗuwa. Kuskuren da ya fi kowanne yawa a irin wannan taro shi ne mutum ya mayar da jawabinsa rahoton shekara: an kafa mu a shekara kaza, manufarmu kaza, ga hoton gininmu, ga yawan 'yan kallo. Duk wanda ke zaune a zauren nan yana da irin wannan rahoton a ofishinsa, shi ma da hannunsa ya rubuta. Kafin ki kai minti uku kowa ya sunkuya kan wayarsa.

Abin da shugaba ke biɗa wurin ɗan'uwansa shugaba shi ne hukunci ɗaya mai wuya da aka yanke, da yadda aka yanke shi. A ce gidan wasa ne ya rage wasanninsa na shekara daga takwas zuwa biyar don ya ƙara wa 'yan wasa makonnin gwaji. To ki faɗa mana: me ya tilasta hakan? Waɗanne hanyoyi biyu ko uku ne ke kan tebur? Wa ya ƙi amincewa a kwamitin amintattu, kuma mece ce hujjarsa? Me aka rasa? Bayan shekara me ya fito? Wannan shi ne jawabi. Bayanin cibiyarki jimla biyu ya isa, sauran yana cikin littafin taro.

Gwajin da za ki yi: rubuta saƙon jawabin a jimla ɗaya wadda mutum mai hankali zai iya yi wa gardama. "Fasaha tana da muhimmanci ga al'umma" ba saƙo ba ne, ba wanda zai musa. "Tallafin shekara ɗaya-ɗaya yana hana ƙananan cibiyoyi riƙe ma'aikata" saƙo ne, don akwai wanda zai ɗaga hannu.

Ma'aji:
Na yarda da Baba, sai dai in ƙara kan alƙaluma. Uku sun isa a jawabin minti 17, kowanne kuma ki san inda ya fito da shekararsa, domin a zauren akwai wanda ya san lissafin nan fiye da ke. Kashi cikin ɗari ba ya tafiya shi kaɗai. In kin ce 'yan kallo sun ƙaru da kashi 50, daga 40 zuwa 60 ne ko daga 4,000 zuwa 6,000? Ki kuma bambanta tikitin da aka sayar da kujerar da aka zauna, tunda na kyauta ma suna cika zaure. Masu ba da tallafi wannan suke fara tambaya.

Wani abu kuma: kada ki ɓata lokaci kina koya musu abin da suka sani. Tun 1966 masana tattalin arziki William Baumol da William Bowen suka yi bayanin abin da ya sa kuɗin gudanar da wasannin dandamali ke hawa kullum: kiɗan da aka tsara wa makaɗa huɗu, yau ma makaɗa huɗu yake buƙata da tsawon lokaci guda, alhali albashi na tashi a ko'ina. Yawancin mutanen zauren sun san wannan. Ki ambace shi a jimla ɗaya in yana da amfani, ki wuce zuwa abin da ku kuka yi da matsalar.

Mai Gidan Tarihi:
Baba, ranka ya daɗe, a nan ina da ja. Kana cewa ta faɗi wanda ya ƙi amincewa a kwamiti da abin da aka rasa. A zauren da masu ba da tallafi ke zaune, ga kyamara tana ɗauka? Wannan ai tonon silili ne wa kai. Sabuwar darakta ce fa. Bidiyon zai zauna a intanet shekaru, wani ɗan kwamiti ya gani ya ce an kai ƙararsa bainar jama'a.

Baba Mai Dandali:
Ban ce ta ambaci suna ba, Malam. Hujjar mutum na ce ta faɗa, ba sunansa ba. Jawabin da babu faɗuwa ko ɗaya a cikinsa ba wanda ke gaskata shi, don kowa a wurin ya san yadda aikin nan yake. Masu tallafin ma sun gaji da jin cewa komai na tafiya daidai.

Mai Gidan Tarihi:
A kwamitin mutum tara, in ka faɗi hujjar ai ka faɗi sunan. Duk wanda ya san cibiyar zai gane.

Mai Shirya Taruka:
Ku biyun kuna da gaskiya, kuma akwai yadda ake raba wannan gardama. Na farko, kuskuren da za a faɗa ya zama wanda ya riga ya wuce, an gyara ko an rufe shi. Ba a kawo rikicin da ake ciki, ko batun da ke gaban kotu, ko abin da ya shafi ma'aikaci guda da za a iya ganewa. Na biyu, laifin ya zama na tsari ko na mai maganar kanta. Na uku, shugaban kwamitin amintattu ya ga wannan sashe a rubuce kafin taro, mako biyu aƙalla. Ba izini ake nema a kan kowace kalma ba, ana dai gudun ya fara jin labarin a bakin wani.

Sannan ki bincika ko zaman yana ƙarƙashin ƙa'idar Chatham House. Ƙa'idar ta samo asali a Landan a 1927, kuma abin da ta ce shi ne mahalarta na iya amfani da bayanin da suka ji, amma ba za su bayyana wanda ya faɗa ko inda yake aiki ba. Mutane na ɗauka tana nufin sirri, ba haka ba ne. Maganar za ta fita, sunanki ne kawai ba zai bi ta ba. In kuma labarin da kansa yana nuna cibiyar, ƙa'idar ba ta rufa miki komai ba.

Sabuwar Darakta:
Na gode ƙwarai. To batun rubutu fa? In rubuta duka in karanta, ko in riƙe 'yan kalmomi a kati?

Baba Mai Dandali:
Rubuta duka, kalma bayan kalma, amma kada ki karanta. Rubutun shi ke nuna miki inda tunanin ya yi rami. Bayan nan ki mayar da shi kati shida ko bakwai, kowanne da kalmomi kaɗan, ki sa musu lamba don in sun zube ki iya jera su. Jimlolin farko uku da na ƙarshe uku kawai za ki haddace. Na farko saboda a minti ɗaya na farko murya ke rawa, na ƙarshe saboda wanda bai san inda zai tsaya ba yakan yi ta kewaye yana "to, shi ke nan dai".

Malama Tafinta:
Baba, in dai akwai tafinta a taron, rubutun nan yana da wani amfanin. Ki aika mana shi da silaid kwana uku kafin taro, ko da kin san ba haka za ki faɗe shi daidai ba. Masu fassara kai tsaye bibbiyu suke zama a rumfa, suna karɓar juna kusan duk rabin awa, kuma kullum suna bayan mai magana da 'yan daƙiƙoƙi. Abin da ke karya su shi ne sunayen mutane da cibiyoyi, gajerun sunaye na haruffa, da alƙaluma a jere. Ki ba da jerin waɗannan a takarda guda.

Mai karanta rubutu ya fi mai magana da ka wahalar fassarawa, don yana gudu kuma jimlolinsa dogaye ne. Idan da Turanci za ki yi, kada ki wuce kalma 120 a minti ɗaya in akwai fassara. Lissafa: minti 17 sau 120 ya ba da kalma 2,040. In rubutunki ya kai 3,000, ba sauri za ki ƙara ba, yankewa za ki yi. In da wani harshe ne, ki karanta shafi ɗaya da babbar murya na minti biyu, ki ƙirga kalmomin, ki raba biyu, kin samu ma'auninki.

Barkwanci mai wasa da kalmomi kuma ba ya tsallake fassara. Rabin zaure za su yi dariya, masu abin kunne su bi su da kallo. Bayan kin faɗi adadi mai muhimmanci ki yi shiru na daƙiƙa biyu, ki bari ya isa.

Mai Gidan Tarihi:
Ni kam ban ga aibin karantawa ba in mutum ya iya. Inda kalma ɗaya za ta iya jawo rigima, kamar batun mayar da kayan tarihi ƙasashensu na asali, gara a karanta wannan sakin layi yadda aka rubuta shi. Abin da ake yi shi ne a buga da manyan haruffa, girma 16 ko 18, da tazara tsakanin layuka, a fuska ɗaya ta takarda, a bar kashi ɗaya cikin uku na ƙasan shafi babu rubutu don kada haɓa ta sauka kan ƙirji murya ta shige takarda. Kada a maƙale shafukan, zamewa ake yi da su gefe, ba juyawa ba.

Baba Mai Dandali:
Sakin layi ɗaya na yarda. Minti 17 ban yarda ba.

Injiniyan Sauti:
Bari in kawo nawa ɓangaren, don mu ke ganin abin daga bayan zaure. Silaid ki yi shi a tsarin 16:9, wato faɗi 16 tsayi 9, shi ne yawancin majigi da allunan yanzu ke ɗauka, amma ki tabbatar da masu taron. Rubutu kada ya gaza girma 28. Gwaji mai sauƙi: ki buɗe silaid a kwamfutarki, ki ja da baya taku biyar ko shida, abin da ba ki iya karantawa, na kujerar baya ma ba zai iya ba. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana da kyau a kwamfuta, a majigi ɓacewa yake yi, musamman in ba a rage fitilun zaure ba. Kada ki bambanta layuka biyu a jadawali da ja da kore kawai, akwai masu larurar rashin bambance waɗannan launuka, ki sa suna a jikin kowane layi.

Ki zo da fayil iri biyu a filashi: na PowerPoint da na PDF. Dalili shi ne in kin yi amfani da salon haruffan da babu a kwamfutar taro, za ta musanya shi da wani, layuka su hau juna. PDF ba ya yin haka, sai dai ba ya kunna bidiyo yadda ya kamata. Bidiyon ya zama MP4, a saka shi cikin fayil ɗin, a kuma ajiye kwafinsa daban. Kada ki dogara da YouTube: intanet ɗin zauren da mutum ɗari uku ke kai ba abin amincewa ba ne, ga talla na iya faɗowa. Kuma ki gaya mana tun wuri akwai sauti a bidiyon. Sau da yawa hoto na fita a allo, sautin kuma yana fita ta ƙaramar lasifikar kwamfuta saboda ba a zaɓi HDMI a matsayin mafitar sauti ba, ko ba a ja waya zuwa na'urar haɗa sauti ba. Mutanen fasaha su ne suka fi kowa zuwa da bidiyo, su ne kuma wannan ya fi kamawa. In da kwamfutarki za ki yi, ki zo da mahaɗin USB-C zuwa HDMI naki da caja, ki kashe sanarwar saƙonni.

Ma'aji:
Silaid nawa, Injiniya? Wasu na cewa ɗaya a kowane minti.

Injiniyan Sauti:
Babu adadi tsayayye. Salon PechaKucha da aka fara a Tokyo a 2003 silaid 20 ne, kowanne daƙiƙa 20, duka minti 6 da daƙiƙa 40, kuma yana tafiya saboda hotuna ne. Hoto ana gane shi nan take, jadawali kuwa yana buƙatar minti ɗaya ko fiye. Ga jawabi irin na Malama, takwas zuwa goma sha biyu sun wadatar. Inda take ba da labarin hukuncin nan, ta danna harafin B a PowerPoint allo ya yi baƙi, ido ya dawo kanta. Bidiyon wasa kuma kada ya wuce daƙiƙa 60 zuwa 90.

Mai Gidan Tarihi:
Tunda an zo kan hotuna: a taron shugabannin fasaha, babu abin kunya irin nuna aikin mai zane babu sunansa. Kowane hoto a rubuta sunan mai aikin, sunan aikin, shekara, da sunan mai ɗaukar hoton, domin haƙƙi biyu ne daban. Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, yadda take a yanzu, ta sa mafi ƙarancin kariya tsawon rayuwar mai aiki da shekara 50 bayan mutuwarsa, ƙasashe da dama kuma, har da na Tarayyar Turai, sun kai 70. Nuna hoto a zaure daban, sa shi a bidiyon da zai hau intanet daban, kuma dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ki nemi izini a rubuce, ki faɗa musu za a ɗauka. Kiɗa ya fi tsanani, don manhajojin bidiyo na iya gano shi da kansu su toshe sautin. Hoton yara daga wani shirin koyarwa kuwa, in babu takardar amincewar iyaye da ta haɗa da irin wannan amfani, a bar shi.

Mai Shirya Taruka:
Ga yadda zan raba mako shidan. Na farko: wasiƙar tambayoyi da jimlar saƙo. Na biyu da na uku: rubutu, da neman izinin hotuna, tunda amsa kan yi jinkiri. Na huɗu: silaid, sai yanzu, da nuna wa shugaban kwamiti sashen nan. Na biyar da na shida: gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gwaji a tsaye ake yi, da babbar murya, da agogo, sau biyar aƙalla. Karantawa a zuci na yaudara, kullum ya fi gajarta. Ɗaya ki ɗauka a waya ki kalla, za ki ga abin da hannunki ke yi da kalmar da kike maimaitawa. Ɗaya ki yi gaban wanda ba ya cikin harkar, in kin gama ki ce ya faɗa miki saƙon a jimla ɗaya. In abin da ya faɗa ya saɓa da wanda kika rubuta, gyara ya kama ki. Ki rubuta lokaci a kan katunan: kati na uku minti 7, na biyar minti 12. Da haka tun a tsakiya za ki san kin makara, ba sai an ɗaga miki takardar "saura minti ɗaya" ba.

Sabuwar Darakta:
Tambayoyin ne suka fi ba ni tsoro. In aka tambayi abin da ban sani ba fa, ko wani ya tashi ya kama nasa jawabin?

Baba Mai Dandali:
Zauna ki rubuta tambayoyi goma da ba ki so a yi miki, ki shirya amsar kowacce a ƙasa da minti ɗaya. Biyu kusan tabbas ne: "nawa ya ci, wa ya biya?" da "mu ƙananan cibiyoyi yaya za mu yi wannan?" In mai tambaya ba shi da makirufo, ki maimaita tambayar a taƙaice, na baya sun ji, tafinta ta samu, ke kuma kin samu daƙiƙa biyar na tunani. Abin da ba ki da adadinsa ki ce ba ki riƙe ba, za ki aika. Kada ki kintata, bidiyo ba ya mantuwa.

Mai jawabi a rigar tambaya kuwa aikin shugaban zama ne, shi ya sa ake ganinsa kafin a fara a yarda da alama. In ya yi shiru, ki jira mutumin ya ja numfashi, ki ɗauki abu ɗaya daga maganarsa ki amsa, ki mayar da idonki ɗaya gefen zauren.

Injiniyan Sauti:
Ranar taro ki zo lokacin hutun da ke gaban zamanki, ko da safe kafin a buɗe ƙofa. Ki hau, ki danna silaid daga farko har ƙarshe, ki kunna bidiyo, ki yi magana da muryar da za ki yi jawabi da ita. Hura makirufo ko ƙwanƙwasa shi ba ya gaya mana komai. Na hannu a riƙe shi kusa da baki, kamar faɗin yatsu huɗu, kuma ya bi kai duk inda ya juya; mutane kan fara daidai, kafin minti biyar ya sauka kan ciki. Na mumbari in kin waiga kina kallon allo muryarki ta tafi, don haka ki tambaya ko akwai ƙaramin allo a gabanki. Kada ki tsaya gaban lasifika, nan ƙarar nan mai tsaga kunne ke tashi.

Sabuwar Darakta:
Masu taron sun amsa mini yanzu, sun ce makirufo na maƙalawa a riga za su ba ni. Akwai abin lura?

Injiniyan Sauti:
Akwai, Malama. Yana zuwa da ɗan akwatin batir da ake ratayawa a ɗamara ko a sa a aljihu, don haka ki sa kayan da ke da ɗaya daga ciki, in ba haka ba a hannu za ki riƙe shi tare da rimot da katuna. Ana maƙala kan makirufon a tsakiyar ƙirji, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. Sarƙa, dogon ɗan kunne, gyale, da igiyar katin shaidar taro, duk abin da zai goge shi zai fito a lasifika kamar ana yaga takarda. Ki cire katin kafin ki hau. Ki tambaya ko sabon batir ne in ke ce ta ƙarshe a zaman. Kuma daga lokacin da aka maƙala miki shi har a cire, ki ɗauka a kunne yake, har a bayan labule da hanyar bayi.